Gashi kafin tiyata: kada a saki reshe a kama ganye

Tun daga shekarar 2017 akwai wani labari da ba ya daɗewa bai sake ɓullowa a shafukan lafiya na intanet ba, kowane zuwa da sabuwar riga. Cewa ake yi masu bincike a Amurka sun gano cewa mace mai sankarar mama wadda ba ta yi nisa ba, idan aka fara yi mata gashi kafin tiyata, ta fi samun kariya daga sake kamuwa. Gashin da ake nufi shi ne na haske mai ƙarfi wanda na'ura ke harbawa cikin nama domin ya kashe ƙwayoyin ciwon, wato abin da likitoci ke kira rediyoterafi, kada a haɗa shi da gashin ƙashi da jijiya. Labarin yana da tushe, ba ƙaga shi aka yi ba. Sai dai magana idan ta yi doguwar tafiya ba ta isa yadda ta taso. Kafin ta bar ɗakin bincike, ta ratsa jarida, ta shiga waya, ta isa tsakar gidan da aka ce wa uwar 'ya'ya ta shirya za a yi mata aiki, "gashi kafin tiyata" ya riga ya rikiɗe ya koma "gashi maimakon tiyata". Mai tsoron wuƙa kuwa ba ya buƙatar hujja mai ƙarfi, ko ta zaren gizo ce zai rataya a jikinta.

Matsayata a kan wannan a fili take. Macen da aka tabbatar ciwonta yana matakin farko, likitocinta kuma suka ce a fara da tiyata, idan aka sa ta ta ɗage aikin domin ta je neman gashi tukuna, an jefa ta cikin haɗarin da zai iya cin ranta. Wanda ya zuga ta a kan haka, miji ne, ɗan'uwa ne, ko mai shafin ba da shawara ne, ya ɗauki alhaki mai nauyi, ko da nufinsa alheri ne.

Tsarin da ake bi a yau, wato a cire ƙarin sannan a gasa wurin, ba rana ɗaya aka wayi gari da shi ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan fiɗa na Amurka, William Halsted, ya kafa aikin da ake cire nono gaba ɗaya, a haɗa da naman ƙirjin da ke ƙarƙashinsa da kaluluwar hammata. Kusan shekara 80 wannan aiki mai nakasa jiki yana mulki, har sai da wasu suka yi ƙarfin halin tambayar ko dole ne. A 1973 Umberto Veronesi ya fara gwaji a birnin Milan na Italiya da mata 701 masu ƙarin da bai wuce santimita 2 ba: rabi aka cire musu nono duka, rabi aka yanke sashen da ciwon yake kawai, aka bi da gashi. A 1976 Bernard Fisher ya fara nasa a Amurka. Dukansu biyu sun bi matan nan shekara 20, suka buga sakamako a 2002, kuma amsar ɗaya ce: wadda aka bar mata nononta aka bi ta da gashi ba ta fi wadda aka cire wa duka mutuwa ba. Gwajin Fisher, mai mata 1,851, ya ƙara nuna abin da gashin ke yi. Cikin waɗanda aka cire wa ƙari kawai ba a yi musu gashi ba, ciwon ya dawo a nonon kashi 39 cikin 100. Cikin waɗanda aka yi wa gashi bayan aikin, kashi 14 ne.

A 2011 wata ƙungiyar masu bincike da ke da mazauni a Oxford ta Ingila ta tattara gwaje-gwaje 17, mata 10,801, ta auna su a ma'auni guda. Gashi bayan tiyatar da ke barin nono ya rage dawowar ciwon cikin shekara 10 daga kashi 35 zuwa kashi 19 cikin 100, ya kuma rage mutuwa daga ciwon cikin shekara 15 daga kashi 25 zuwa kashi 21. Wannan shi ne reshen da muke riƙe da shi. Dubban mata ne suka yarda aka yi musu ƙuri'a a kan jikinsu, aka bi su shekara da shekaru, kafin a same shi.

Kalmar ƙuri'a ɗin nan a riƙe ta, domin a kanta gardamar duka take. Gwajin da likitanci ke dogaro da shi shi ne wanda ake raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba likita ne ya zaɓi wa za ta shiga wane gida ba, ba kuma majinyaciya ba. Ta haka gidajen biyu suke zama daidai a shekaru, da girman ciwo, da ƙarfin jiki, da arziki, har da abubuwan da babu wanda ya yi tunanin aunawa. Duk bambancin da aka gani daga baya sai a san daga maganin ya zo.

To, binciken 2017 ba irin wannan ba ne. Masu bincike na cibiyar sankara ta Moffitt da ke jihar Fulorida sun buɗe tsohon kundin rajistar masu sankara na Amurka, suka zaro bayanan mata 250,195 masu sankarar mama a matakin farko, waɗanda aka yi wa magani tun daga shekarun 1970. A cikinsu 2,554 ne kacal aka yi wa gashi kafin tiyata, wato kusan mace ɗaya cikin ɗari. Suka ga cewa a cikin masu irin ciwon da ke ci daga sinadarin mata na istrojin, waɗanda aka fara yi wa gashi sun fi ƙarancin samun wata sabuwar sankara daga baya. Abin sha'awa ne, babu musu. Amma wace ce wannan mace ɗaya cikin ɗari? Me ya sa likitanta ya kauce wa abin da kowa ke yi a kanta? A wane irin asibiti aka yi mata, wane magani aka haɗa mata da shi? Kundin rajista ba ya amsa waɗannan tambayoyi. Shi wannan kundin ma ba ya rubuta dawowar ciwon da aka yi wa magani, sabuwar sankara ta biyu kawai yake rubutawa, alhali dawowar ce babban abin da mace ke tsoro. Kamar a leƙa rumbunan manoma dubu ne, a ga goman da suka shuka wani iri sun fi cika rumbu, sai a hau shelar irin ba a tambayi ko gonakinsu a fadama suke ba.

A yi wa masu binciken adalci: ba su ce a canza tsari ba. Abin da suka ce shi ne sakamakon ya cancanci a gwada shi a gwaji mai tsari. Masu rubuta kanun labarai ne suka yanke wannan jelar suka yar, domin "ya cancanci a gwada" ba ya jawo mai karatu. Ni da su nake faɗa, da masu kwafe kanun su fassara su watsa ba su karanta abin da ke ƙasa ba. Wanda zai rubuta wa marasa lafiya ya sani akwai mai karanta shi da takardar ranar tiyata a hannu, tana neman wanda zai ce mata kada ta je.

Wani abin da ba a faɗa kuma shi ne tunanin ba sabo ba ne, kuma an taɓa yi masa ƙuri'a. Tun a shekarun 1920 wani likitan fiɗa na Landan, Geoffrey Keynes, yake soka allurai masu sinadarin radiyam a cikin nono domin ya narkar da ƙari. Tsakanin 1971 da 1976 kuma, a birnin Stokholm na Suwidin, an raba mata 960 gida uku: gashi kafin cire nono, gashi bayan cire nono, da cire nono kaɗai. Gashin ya rage dawowar ciwon a wurin, ko kafin aka yi shi ko bayan, amma tsakanin na kafin da na bayan ba a ga wanda ya fi wani tsawaita rai ba. Na'urorin yau sun fi na wancan zamani nesa ba kusa ba, shi ya sa ya dace a sake gwadawa. Sai dai babban gwajin ƙuri'a da ya gwama su kai tsaye bai ba wa gashin farko nasara ba, kuma wannan bai kamata a ɓoye wa mutane ba.

Ba na cewa masu wannan tunani ba su da hankali. Hujjojinsu masu kyau ne. Kafin tiyata ƙarin yana nan, ana ganinsa a hoto, ana iya auna shi daidai a harbe shi, a bar lafiyayyen nama. Bayan tiyata kuwa sai dai a gasa ramin da aka bari, wanda gefunansa ba su da tabbas, don haka wurin da ake gasawa ya fi faɗi. Naman da aka gasa tun farko, likitan fiɗa zai yanke mafi yawansa ya fitar, ba zai zauna a jiki ya taurare ba. Ga macen da za a cire wa nono a gina mata wani da naman cikinta, gashin da ya zo daga baya yakan ƙanƙance sabon ginin ya ɓata shi, don haka gara a gama gashin tukuna. Akwai kuma fatan cewa ƙarin da aka gasa yana jiki zai iya farkar da garkuwar jiki ta gane ciwon ta bi shi duk inda ya ɓuya, ko da yake wannan har yanzu fata ne a sankarar mama. Kuma akwai inda tunanin ya ci nasara sarai: a sankarar ƙarshen hanji, wani gwajin ƙuri'a na Jamus da aka buga a 2004 ya nuna gashi da kemo kafin tiyata sun rage dawowar ciwon a wurin zuwa kashi 6 cikin 100, alhali yin su bayan tiyata ya bar kashi 13. Daga nan tsarin ya canza a duniya. Da gwaji irin wannan ake canza tsari. Na sankarar mama bai zo ba tukuna.

Abin da ake da shi ya zuwa yanzu ƙananan gwaje-gwaje ne na share fage, kuma duk mai son ya san gaskiyar lamarin ya dubi na birnin Utrecht na ƙasar Holan da aka buga a 2020. An zaɓo mata 36, dukansu sun kai shekara 50 ko sun haura, masu ƙaramin ƙari mai sanyin hali, wanda bai taɓa hammata ba. Aka yi musu gashi mai ƙarfi sau ɗaya tak, wanda aka tsara da hoton MRI, aka riƙa sa musu ido da hotuna, sannan bayan wata 6 ko 8 aka yi musu tiyata. Da aka duba naman da aka ciro, a mata 15 ba a samu ƙwayar ciwo mai rai ko ɗaya ba. Wannan shi ne adadin da ake yayatawa. Sai a juya shi a gani: a mata 21 cikin 36, waɗanda aka tace aka zaɓo domin ciwonsu ya fi na kowa sauƙi, a hannun ƙwararrun da suka fi kowa kayan aiki, ciwon yana nan da ransa bayan gashin. Hoto kuma bai iya bambance su da tabbaci ba, domin akwai waɗanda hoto ya nuna wurin ya washe, madubin ɗakin gwaji ya samu ƙwayoyi masu rai. Wuƙa ce ta fitar da abin da ya rage. Babu mace ko ɗaya cikin 36 ɗin da aka sallama ba a yi mata aiki ba.

Haka gwajin Landan na 2022 a kan masu son a gina musu sabon nono: mata 33 ne, yawancinsu ma ciwonsu ya wuce ɗan ƙaramin ƙarin da muke magana a kai, kuma abin da aka auna shi ne ko rauni zai warke. A huɗu daga cikinsu raunin ya buɗe, adadin da masu binciken suka ga bai fi na tsarin da aka saba ba. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma da mata 33 ba a yanke hukunci a kan rai da mutuwa.

Akwai kuma abin da ake asararsa idan aka fara da gashi. Gutsuren da ake ɗauka da allura kafin magani yana faɗin irin ciwon da zafinsa da abin da yake ci. Amma naman da aka ciro a tiyata, ba a taɓa shi da komai ba, shi ne ke faɗin ainihin girman ƙarin, ko an cire shi da tsabtataccen gefe, da ko ya shiga kaluluwar hammata, guda nawa ya kama. Da wannan ake yanke shawarar ko mace na buƙatar kemo. Gashin farko yana iya dusashe waɗannan alamu, sai likita ya koma yana lalube. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurinmu: macen da ƙarinta ƙarami ne, hammatarta lafiya lau, idan aka cire nonon duka da tsabtataccen gefe, sau da yawa ba ta buƙatar gashi ko kaɗan. Wanda ya tura ta gashi tun farko ya ɗora mata wahala da kuɗin abin da wataƙila ba za ta taɓa buƙata ba. Fatar da aka gasa kuma ba ta saurin haɗewa bayan yanka, wurin da aka gasa sau ɗaya ba a cika iya sake gasa shi cikakke ba. Mai juna biyu ma ba a yi mata gashi, alhali tiyata tana yiwuwa da cikin.

Duk wannan gaskiya ne a Utrecht da Landan. A wurinmu akwai ƙarin magana, ita ce maganar lokaci. Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200 na'urorin gashinta 'yan ƙalilan ne, a manyan asibitocin wasu birane irin su Zariya da Sakkwato da Abuja da Ibadan da Legas. Jamhuriyar Nijar sai a 2021 ta samu cibiyar gashinta ta farko a Yamai. Duk iyalin da suka taɓa bin layin gashi sun san yadda abin yake: a ba ka rana mai nisa, ka sayar da abin sayarwa ka haɗa kuɗin mota da masauki, wani lokaci ka isa ka tarar na'ura ta tsaya ana jiran kayan gyara daga waje. Likitan fiɗa kuwa ana samunsa a wurare da yawa fiye da na'urar gashi. Idan aka fara da tiyata, duk jiran da za a yi wa na'ura ana yin sa ne ƙarin ya riga ya bar jiki. Idan aka juya tsarin, ana jiran ne ciwon yana ciki yana girma, babu abin da ke taɓa shi. Jira bayan tiyata ma ba alheri ba ne, gashin yana da lokacin da ya kamata a fara shi. Amma jirayen biyu ba ɗaya ba ne.

An auna abin da jinkiri ke ci. Wani nazari da aka buga a mujallar likitoci ta Birtaniya a 2020, wanda ya tattara bayanan majinyata fiye da miliyan ɗaya, ya nuna cewa a sankarar mama kowane jinkirin tiyata na mako huɗu yana tafe da ƙaruwar haɗarin mutuwa da kimanin kashi 8 cikin 100 a kan haɗarin da mace ke da shi tun asali, jinkirin mako 12 kuwa da kimanin kashi 26. Matan Utrecht da suka yi wata shida kafin tiyata an riga an gasa ƙarinsu tun ranar farko, ana kuma duba su a kai a kai. Macen da ta bar asibiti ta koma gida tana "neman hanyar gashi" ba a cikin wannan hali take ba, a cikin lissafin jinkiri take.

Sannan ita kalmar "matakin farko" tana da iyaka, kuma ba a zaune take tana jiran kowa ba. Mataki na ɗaya shi ne ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, kamar ɗan magarya, bai kuma kai hammata ba. Mataki na biyu yakan kai santimita 5, kamar lemon tsami, ko ya taɓa kaluluwa kaɗan. Wani babban nazari na 2016 ya nuna kusan kashi 77 cikin 100 na baƙaƙen matan Afirka kudu da Sahara masu wannan ciwo sai a mataki na uku ko na huɗu ake gano su. A Nijeriya, bisa ƙiyasin hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, sama da mata 30,000 ne ke kamuwa a shekara, masu mutuwa kuma sun kai kusan rabin wannan adadi. Saboda haka macen da Allah ya sa aka gano nata yana ƙarami ta samu abin da mafi yawan 'yan'uwanta ba su samu ba. Ita ce ke da damar a bar mata nononta, ita ce ke da babbar damar warkewa. A ce ita ce za a sa ta ɓarnatar da wannan dama wajen bin abin da ko a Turai a cikin gwaji ake yin sa, wannan shi ne abin da ba na iya yin shiru a kai. Da yawa daga cikin matanmu masu wannan ciwo ma ba su kai shekara 50 ba, ko a gwajin Utrecht ɗin ba za a ɗauke su ba.

Kada a fahimce ni a baibai, akwai abubuwa biyu masu kama da wannan waɗanda daidai ne. Kemo kafin tiyata tsari ne tabbatacce da aka gwada da ƙuri'a, kuma shi ake so ga wasu ire-iren ciwon, kamar mai alamar HER2 da wanda ba shi da ko ɗaya daga alamu ukun da ake dubawa, ko idan ƙarin ya yi girma ana so ya motse. Idan likita ya ce a fara da kemo, ba kauce wa hanya ya yi ba. Haka ciwon da ya yi nisa, ya fashe yana zubar da jini, ko ya manne har wuƙa ba za ta iya ba, ana iya fara masa da gashi domin a tsayar da jini ko a samu hanyar aiki. Wannan hukuncin likitoci ne a kan ciwon da ya wuce matakin farko.

Su ma likitoci suna da nasu kason laifin. Macen da aka ce wa "za mu cire" a cikin minti biyu, ba a zaunar da ita an bayyana mata me za a cire ba, nono duka ne ko ƙarin kawai, me ya sa, me zai biyo baya, dole ta fita ta nemi bayani a wani wuri, waya kuwa ba ta rowar bayani. Tsoron da ke ranta ba wauta ba ne. Tana tunanin mijinta, tana tunanin kishiya, tana tunanin jaririn da take shayarwa, tana tuna wata da aka yi wa aiki ta rasu, ba ta san cewa waccan sai da ciwon ya gama bin jiki aka kai ta ba. Maigida, a nan kalmarka ta fi ta likita nauyi. Yawancin matan da ke ja da baya ba zafin yanka suke tsoro ba, idonka suke tsoro. Idan ka ce mata da bakinka cewa ranta kake so, ka raka ta ka sa hannu a takarda, ka gama rabin aikin. Idan kuwa kai ne mai kawo mata labarin wata sabuwar hanya da ba sai an yanka ba, ka tambayi kanka ko domin ita kake nema ko domin kanka.

'Yar'uwa, ba cewa nake ki yi shiru ki miƙa wuya ba. Ki tambaya, haƙƙinki ne. Ki ce a faɗa miki matakin ciwonki, a nuna miki sakamakon gutsuren, a gaya miki ko yana da alamar istrojin ko HER2. Ki tambayi ko za a iya barin nonon, in kuma an bar shi, a ina za a yi miki gashin da dole ya biyo baya, yaushe, nawa ne kuɗinsa. Wannan tambaya ta ƙarshe a yi ta kafin a shiga ɗakin tiyata, domin barin nono ba tare da gashi ba shi ne kashi 39 ɗin nan na gwajin Fisher. Idan gaskiya babu halin samun gashi, cire nonon duka ba koma baya ba ne, tsawon rai ɗaya yake bayarwa. Idan kuma wani likita ya ba ki shawarar gashi kafin tiyata alhali ciwonki ƙarami ne, ki tambaye shi ko gwaji ne mai rajista da izinin kwamitin ɗa'a, ko taron likitocin fiɗa da na gashi da na kemo ne suka yanke, kuma a wace rana aka sa tiyatar. Shiga gwaji na gaskiya abu ne mai daraja, da shi aka samu duk abin da muka sani. Amma a gwaji na gaskiya ana ba ki takarda ki karanta, ana gaya miki abin da ba a sani ba, kuma ranar aikinki tana rubuce tun kafin a kunna na'ura.

In dai sabon labari ake nema a fagen gashi, akwai wanda ya fi wannan amfani gare mu, kuma shi an tabbatar da shi. A da mako biyar ake yi, zama 25. Gwaje-gwajen Birtaniya suka mayar da shi zama 15 cikin mako uku. A 2020 wani gwajin ƙuri'a a asibitoci 97 na ƙasar, mai majinyata 4,110, ya nuna zama biyar cikin mako ɗaya bayan tiyata bai gaza zama 15 ba wajen hana ciwon dawowa cikin shekara biyar, illarsa ga fata da nama ma ba ta fi ba. Ga macen da za ta baro ƙauyensu ta kama ɗaki a birni, ta bar 'ya'ya a hannun makwabta, bambancin mako biyar da mako ɗaya shi ne bambancin gama magani da yanke shi a tsakiya. Ga na'urar da layi ya yi wa yawa kuma, gurbin mace ɗaya ya zama na uku ko na biyar. Ba kowace mace ce wannan gajeren tsari ya dace da ita ba, musamman idan gashin zai haɗa da hammata da gindin wuya, amma ki tambayi likitan gashi ko ya dace da ke tun ranar da kika kai masa takardar tiyatarki.